Hanyar Keken Alhaji A-Sauka

Idan ana ambaton mutanen da suka yi wa Gyadi-Gyadi hidima, a fara da Alhaji Sha'aibu, domin ko ba a fara da shi ba zai miƙe ya gyara wa mai magana. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya da furfurarsa da tumbinsa da wata tsohuwar Fijo mai tari. A shekarar da soja suka koma bariki, kowa a unguwa ya nemi abin da zai zama. Wasu suka zama 'yan siyasa, wasu 'yan kwangila. Alhaji ya duba ya ga babu mai magana da yawun masu keke, sai ya naɗa kansa Garkuwan Masu Keke na Tarauni da Kewaye. Rabonsa da hawa keke tun yana saurayi, amma a ganinsa wannan ne ya ba shi damar hangen matsalar daga sama.

A yi masa adalci, tunanin mai kyau ne. Titin da ya bi ta ƙofar gidansa ya nufi babban asibiti kullum cike yake da hayis da 'yan acaɓa, masu keke suna kutsawa tsakaninsu rai a hannun Allah. Alhaji ya sayo fenti, ya sa aka ja farin layi a gefen kwalta, ya ce daga layin zuwa bakin kwata na masu keke ne. Aka kafa allo. Hoton keken da ke jiki bai fi tafin hannu ba, sunan Alhaji kuwa daga tsallaken titi ake karanta shi.

Sai ya fito da kujera ya dasa a bakin layin, don ya ga amfanin aikinsa da idonsa.

To, a Kano mai tarbiyya ba ya wuce dattijon unguwarsu a zaune yana kan keke. Sauka zai yi, ya rusuna, ya gaishe shi. Haka masu keke suka yi ta yi. Da mutum ya sauka, Alhaji zai matsa birkin keken, ya kaɗa ƙararrawarsa, ya latsa taya, sannan ya gyara zaman hula.

"Ɗana, ka san tarihin wannan layi da kake kai? Ni nan da kake gani, manyan injiniyoyi sun sha miƙewa tsaye idan na shiga ofis. Keke amana ce. Saurara in gaya maka yadda ake hawanta."

Malam Filibus, wani malamin firamare ɗan Kudancin Kaduna da ya daɗe a unguwar har ya fi wasu 'yan gari iya gaisuwa, ya ji wannan tarihi sau da dama har hedimasta ya fara tambayarsa ko agogonsa ya lalace. Ɗaliban aikin jinya masu sammakon asibiti su ma suka gaji. Ba mai iya wucewa bai sauka ba, ba mai iya sauka ya tsira da wuri. Sai kowa ya koma tsakiyar titi cikin hayis, inda mutum zai sunkuyar da kai ya yi kamar bai ga kowa ba. Matasa suka sa masa suna Alhaji A-Sauka. Da sunan ya je kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, ya ce girmamawa ce.

Wata safiya sabon ciyaman na ƙaramar hukuma ya biyo ta titin. Ya ga layi fes, babu kowa a kai sai Alhaji da kujerarsa. Dama masu tireda sun dame shi da neman wurin kafa tebura. Ya gaya wa Alhaji cikin ladabi cewa idan wata ya ƙare hanyar tana haka, zai ba su wurin, a cire allon.

Maganar allon ce ta soki Alhaji har zuci. Ya zauna ya yi nazari irin na masana, ya gano cewa ƙarancin wayar da kai ne matsalar. Ya ƙara sammako. Ya aro lasifika. Ya gayyato wasu dattawa abokansa aka shimfiɗa musu tabarma, don jama'a su ga hanyar tana da iyaye. Yanzu mai keke ba dattijo ɗaya zai gaisar ba, majalisa guda ce. Har 'yan tsirarun da suka rage suka gudu.

Damina ta sauka, abokan suka watse, Alhaji ya ce jagora ba ya gudun ruwa. Ya zauna da lemarsa har ya jiƙe sharkaf. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi.

Yana kwance sai ya fara jin ƙararrawar kekuna a ƙofar gida, tun safe har yamma, ba ƙaƙƙautawa. Hawaye suka cika masa ido. Ya gaya wa matarsa Hajiya Kande cewa mutanensa ne suke yi masa sannu. Hajiya ta ce Allah Ya ba shi lafiya, ta ƙara masa bargo, ta kuma ba shi shawarar kada ya yi gaggawar tashi.

A cikin kwanakin nan ciyaman ya sake biyowa, ya tarar da hanyar maƙil da kekuna, har da 'yan makaranta. Ya tsayar da Malam Filibus ya tambaye shi me ya canza. Malam Filibus ya dubi inda kujerar take zama, ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba ne ba shi da lafiya. Muna yi masa addu'a."

Ciyaman ɗan siyasa ne, ba ya buƙatar a yi masa fassara. Ya shiga ya duba mara lafiya, ya shaida masa hanyar ta tsira, kuma mutum irinsa ya fi ƙarfin zaman bakin titi. Ya ba shi muƙamin mai ba da shawara kan kiyaye haɗurra, da ofis a can cikin sakatariya, ɗaki mai fanka wanda tagarsa ke kallon katanga. Sharaɗi ɗaya ne: ya kasance a kujerarsa tun safe har a tashi aiki.

Alhaji ya miƙe zaune, zazzaɓi ya sake shi nan take. "Dama na san ranar nan tana tafe," in ji shi. "Ƙasar da ta gane masananta ba ta taɓewa."

Tun daga lokacin hanyar keke ta Gyadi-Gyadi take cike, Litinin zuwa Juma'a. Duk wanda ya shiga ofishin Alhaji zai ji cewa shi ya cika ta, kuma babu mai ƙaryata shi. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Duk Asabar da Lahadi, idan ya fito da kujerarsa bakin layin don ya gana da mutanensa, ko keke ɗaya ba ya gani. Ya ce zai kafa kwamiti ya binciko dalilin da ya sa masu keke ba sa fita ranakun hutu.