Motar Mama Rifkatu da Bakina

Har gobe ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na mayar da kaina dillalin mota a unguwar Plumstead da ke London ba. Ni da aikina ba da magani ne a wani asibiti a Whitechapel, abin da na sani game da mota bai wuce a zuba mai a murɗa makulli ba.

Mama Rifkatu maƙwabciyarmu ce tun muna zaune a flat ɗin council, wato gidajen haya na hukuma, 'yar Kafanchan, ita ta yi wa matata wankan jego a haihuwarmu ta fari. Bayan rasuwar mijinta, Baba Ayuba, sai ta kira ni ta ce, "Ɗana, akwai tsohuwar motar Babanku a gareji. Ka nemo mini mai saye, ina so in koma gida in ƙarasa ginina."

Na yi zaton wata gwangwani zan tarar. Da muka yaye tamfol sai ga wata jar motar Amurka mai ƙofa biyu, bonet ɗinta dogo kamar teburin liyafa, irin masu ƙaton injin nan na zamanin da. Na ɗauki lambar jikinta na shiga intanet. Jama'a, da na ga abin da ake sayar da irinta, sai da na cire gilashina na goge na sake dubawa. Ashe kaɗan aka ƙera, masu tara tsofaffin motoci kuma rububinta suke yi. Kuɗinta zai ƙarasa ginin Mama, ya yi katanga, ya haƙa rijiyar burtsatse, a samu canji.

Daga ranar barci ya ƙaurace mini don murna. A cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina karanta tarihin injin, a wurin aiki ina ba abokan aikina labarin kabureta (kalmar da ban san ma'anarta ba sai a makon). Matata ta ce, "Kai dai ka bar masu sana'ar su yi." Na ce mata ni jikan 'yan kasuwar Kano ne, ciniki a jinina yake. Na sa talla, na yanka farashi mai tsoka, wani Bature daga Kent mai suna Colin ya sa rana zai zo ya gani.

Ranar na caɓa ado, kwat da baƙin gilashi, alhali ko alamar rana babu. Mutanen cocin su Mama sun riga sun turo motar waje sun wanke ta, suka tsaya gefe suna kallo. Mama na zaune a kujerar roba da jakarta a cinya. Colin ya iso, dattijo mai sanyin magana, ya zagaya motar a hankali yana shafa ta kamar mai duba majinyaci.

Ni kuwa na buɗe baki. Kun san yadda ake tallar mota a gida: a nuna ba ta gajiya. Na ce masa ai wannan ƙarfe ne na gaske, ni nake tuƙa ta tun Baba na da rai. Na ce kowane ƙarshen mako sai na je Manchester da ita na dawo. Na ƙara da Scotland, har cikin ƙanƙara. (Ban taɓa zuwa Scotland ba, ko a jirgin ƙasa.) Ina ƙara nisa fuskarsa na ƙara yamutsewa, ni kuma na ɗauka salon masu saye ne, sai na ƙara wuta.

Ya leƙa ciki ya ce, "To amma agogon tafiyarta ya nuna ba ta yi yawo sosai ba. Idan abin da kake faɗa gaskiya ne, an taɓa agogon ke nan. Ba zan iya biyan ko rabin abin da kuka sa ba."

Duk da haka bakina bai tsaya ba. Na ce ya bari ya ji kukan injin tukuna. Na karɓi makulli a hannun Mama, na wurga shi sama na cafe, na taka da isa zuwa ƙofar dama kamar yadda na saba shekara da shekaru a ƙasar nan. Na buɗe, na zauna, na ja ƙofa, na miƙa hannu biyu gaba.

Babu sitiyari.

Hannuwana suna rataye a iska, ƙafata tana laluben birki a kan dandaɓe. Sitiyarin yana can hagu yana kallona, inda motocin Amurka suke ajiye nasu. Kuma na sani fa, na karanta, har na yi wa wani bayani a wurin aiki. Amma ƙafafuna ba su karanta ba.

Don in rufe, sai na buɗe ɗan akwatin da ke gabana kamar dama wani abu nake nema. Tsohuwar hular Baba Ayuba ta faɗo mini a cinya. Ta gilashi na hango mutanen coci sun juya baya kafaɗunsu na rawa. Colin ya sunkuyo ta taga ya tambaye ni a natse, "Daga wannan kujerar kake tuƙa ta zuwa Scotland?"

Na so ƙasar Plumstead ta tsage in shige. Mama ce ta taso tana dariya har da hawaye. Ta ce da shi, "Kada ka kula shi, ɗana ne, so yake ya taimake ni. Bai taɓa tuƙa ta ba. Mijina kaɗai ke taɓa ta, shi ma sai ranar Lahadi idan babu ruwan sama, daga gida zuwa coci." Ta juyo gare ni da Hausa: "Fito haka nan, ka ba ni hular mijina."

Nan take fuskar Colin ta washe. Ashe abin da yake son ji ke nan: hannu ɗaya, tafiya kaɗan, ba ta taɓa ganin gishirin da ake barbaɗa wa titi lokacin ƙanƙara, mai sa tsatsa, ba. Shi ya tayar da ita da kansa, ta yi wani gurnani da ya sa ƙararrawar motar maƙwabci ta kama kuka, mutanen coci suka ɗauki tafi. Ya biya abin da muka sa, bai rage ko sisi ba. Da zai tafi ya miƙo mini hannu ya ce zaman da na yi a kujerar fasinja shi ne shaida mafi ƙarfi da ya taɓa gani cewa mutum bai taɓa tuƙa mota ba.

Mama tana Kafanchan yanzu, ginin ya ƙare, kuma duk wanda ya je gaishe ta daga London sai ya dawo yana tambayata labarin Scotland. Ni dai na koyi darasina: idan har za ka yi ƙarya a kan mota, ka fara leƙawa ka ga ta ina direba yake shiga.