Awakin Aro

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da awaki suka tona mini asiri ba, ko na manta ma 'yan kara, kasuwarmu ta dabbobi, za su tuna mini.

Ni dillalin dabbobi ne a wani ƙauye kusa da Gezawa. Da Allah ya ɗan buɗa mini sai na kafa ƙungiyar taimakon matan da mazajensu suka rasu: mu ba mace akuya, in ta haihu ta miƙa 'yar ga wata. Abu na tafiya, ana sa albarka. To amma mai kafa ƙungiya yana da wata cuta, ba ya iya ganin ƙaramin abu ya ƙyale shi. Tun muna taro a zaurena na sa aka rubuta "Babbar Hedikwata" a bango (reshe ko ɗaya ba mu da shi), ina hangen buɗe reshe a Bagwai, daga nan sai ƙasa baki ɗaya.

Sai ga labari wata Hajiya mai tallafa wa irinmu za ta zo daga birni ta ga aikinmu. Na dubi awakinmu na ga ba za su cika ido ba, mu kuwa a kara mun san ido ne ke fara ciniki. Na bi gida-gida na aro awakin maƙwabta, na ce hoto kawai za a ɗauka. Sakatarenmu Malam Sabo ya ce in ji tsoron Allah, na ce masa shi ya sa har yau bai wuce keke ba.

Ranar taro filin firamare ya cika. Kowace akuya da jan ƙyalle a wuya, kowace mace riƙe da igiya. Har daga ƙauyen gaba na gayyato mata don layi ya yi tsawo (su kam na manta ban gaya musu zancen hoton ba). Na sha babbar riga, na kama lasifika ina zuba bayanin rassan da za mu buɗe, Hajiya na gyaɗa kai.

Ashe lokacin dusa ya yi. Inna Delu, wadda gidanta ke bayan filin, ta buga kwano kamar kullum. Awakinta da na aro suka fizge. Sauran suka ɗauka an tashi taro, kowacce ta nufi gidansu, wata tana jan tsohuwa a baya. Wani bunsuru ya ratsa ta cikin rigata ya zaunar da ni a ƙasa. Da ƙura ta lafa, ba sauran akuya sai 'yan awakinmu na gaskiya suna tuƙa abinsu.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Alhaji, rassan ne suka tafi kama aiki?"

Ban ma tashi ba sai ga wata dattijuwa daga ƙauyen gaba a kaina, da igiya ba akuya. Ta ce, "Ɗan nan, ni fa na riga na gaya wa jikokina za a ba ni akuya. Da igiya zan koma musu?"

Hajiya dai addu'a ta yi mana ta shiga mota. Ni kuma na wuce turkena, inda awakin da nake kiwatawa don kasuwar Sallah suke, na kwance su ɗaya bayan ɗaya har kowace baƙuwa ta samu. Malam Sabo ne ya taya ni, yana ta yaba ƙibarsu.

Tun daga nan na gane, in za ka nuna wa duniya girmanka, nuna da abinka. Mutum kan rufa maka asiri don kunya, akuya kuwa ba ta da ita.