Kujerar da ta tsiro

A shekarar fari, ina ajin ƙarshe a lakol ɗin Gazawa, mushe, malaminmu, ya koya mana darasin tsafta. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, ranar na dawo gida ina jin kaina likita.

Kujera ɗaya gare mu mai kushin, wadda Baba ya sayo a Najeriya. Na daɗe da lura kushin ɗin ya yi nauyi, yana ƙas-ƙas in an zauna, ga sabon ɗinki da baƙin zare a gefe. Na yanke hukunci: ƙwari ne.

Da Inna ta tafi rijiya, na juye masa ruwan wankana kaf, na ɓoye shi bayan rumbu, a inuwa, don kada rana ta ci launinsa. Kullum ina ƙara yayyafi.

Wata safiya Inna ta tsaya a kansa, ta daɗe. Koren tsiro ya huda yadin ta ko'ina.

"Ke, irin geronmu ne," ta ce a hankali. "Nan na ɗinke shi don kada yunwa ta sa mu daka."

Baba ya duƙa ya shafa tsiron. "To, iri dai mai kyau ne."

Sai da ya taka har Gangara ya roƙo wani iri wurin kawuna. Akuya ta cinye gonata, ta haɗa da yadin.

Yau ina da jikoki, amma duk shekarar da ruwa ya yi jinkiri, sai ƙannena su aiko a tambaye ni ko na shuka kujera.