Zakaran Falo

Duk wanda ya zo lissafin manyan 'yan wasan zamanin nan ya tsallake Zakaran Falo, to ya ci amanar tarihi. Mutum ne da bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Gaskiya ne filin wasansa bai wuce tsakanin doguwar kujera da teburin talabijin ba, kuma duk abokan karawarsa a gidansa suke kwana, amma wannan surutun 'yan hassada ne.

Kafin ya yi ritaya shi ne mataimakin shugaban sashen sayen kayan ofis. Ya kuma taɓa zama ɗan kwamitin wasannin ma'aikata, inda aka damƙa masa mabuɗin ɗakin ajiye ƙwallaye. A bakin ƙofar ɗakin nan ya tara ilimin wasanni da yake raba wa jama'a kyauta, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Da ya bar aiki, gida ya yi masa faɗi, ba wanda zai kira ya ce a kawo fayil. Sai ya sayo na'urar wasa ta haɗawa da talabijin, irin wadda mutum zai riƙe ɗan rimot yana wurga hannu, ɗan mutum-mutumin cikin allo yana kwaikwayonsa. Wasanni birjik a ciki: ƙwallon tebur, harbin kibiya, dambe, rawa, da wanda ake mirgina ƙwallo a zubar da kwalabe. Ya ce don iyali ya saya, a ƙara danƙon zumunci. Rimot mai sheƙin dai nasa ne, kuma ba a taɓa shi ko da yana barci.

Kowa a gidan ya gano cewa ɗan karkaɗa wuyan hannu ya isa a yi wasan, har daga zaune. Ban da Zakara. Shi sai ya sa rigar motsa jiki wadda ta daina gaisawa da wandonta a wajen ciki, ya ɗaure takalman gudu a kan kafet, ya rataya tawul a wuya, ya sa a janye tebur. Sannan ya fara miƙa yana nishi.

“Wasa kimiyya ne,” yakan ce. “Ƙarfi daga dunduniya yake tasowa, ya bi ƙugu, ya fita ta kafaɗa. Ku kuna wasa da yatsa. Ni ina wasa da gogewa.”

Gogewar ta yi ajalin ƙwan fitila, ta fasa gilashin hoton ranar da aka yi masa ƙarin girma, ta kuma lanƙwasa fiffiken fanka ɗaya. Bai taɓa yarda ya zura hannu a igiyar rimot ba, ya ce wannan ta 'yan koyo ce.

Yadda aka yi bai taɓa faɗuwa ba kuwa, iyalinsa ne suka sani. Tun farkon zuwan na'urar suka lura cewa in ya ci wasa, bakinsa ba ya iya furta a'a. In kuwa ya ga alamar kaye, sai ya kashe talabijin ya ce batir ne, ya wuni yana harare-harare. Daga nan gidan ya samu doka da ba a rubuta ba: mai buƙata ya fara faɗuwa, sannan ya yi magana. Matarsa ta sha kaye a ƙwallon tebur ta samu sababbin labule. Ɗansa ya sha dukan kawo wuƙa a dambe ya samu mabuɗin mota.

Kada a raina wannan aikin. Faɗuwa a hannun Zakara sana'a ce mai wuya, domin sai ka yi abin da ya fi nasa muni, kuma ka yi shi da fuskar mai iya ƙoƙarinsa.

Ana haka babbar 'yarsa, wadda ta gama karatun jinya, ta samu aiki a wani asibiti a gari mai nisa. Asibitin na jiran amsa kafin mako ya fita. Ta daɗe tana mafarkin aikin nan, amma ba za ta taka ƙafa ba sai da albarkar uba. Uban kuwa ya ce yana nazari, kalmar da a ofis yake binne takardun mutane da ita.

Uwar ta ja ta kicin. “Ranar Asabar da yamma ki kira shi wasan kwalabe. Ki faɗi warwas. In ya fara dariyar nan tasa, sai ki durƙusa.”

Asabar ta zo. Zakara ya yi shiri cikakke, ya ja da baya har jikin labule.

“Ki kalli ƙafata, 'yar nan. Irin wannan ba a koyarwa a makarantarku.”

Ya sheƙo a guje, ya wurga hannu kamar mai korar kaji. Ƙwallo ta gangara kai tsaye cikin kwatar gefe. Kwalabe na tsaye ƙyam.

“Wannan gwajin fili ne,” ya ce.

'Yar ta karkata hannu a hankali, ta jefa tata kwata. Ya sake zuwa, kwata. Ta sake, kwata. Haka suka yi ta yi, uba da 'ya, ba wanda ya girgiza ko kwalba ɗaya. Gumi ya jiƙa tawul, uwar na bakin ƙofa tana addu'ar Allah ya sa ya dace ko da guda ɗaya ce.

A jifan ƙarshe 'yar ta tsaya, yatsa a kan maɓalli, tana tunanin yadda za ta ɓata abin da ya riga ya ɓaci. Ƙurar da gudun Zakara ya tayar daga kafet ta shige mata hanci. Ta yi atishawa, hannunta ya fizga. Ƙwallo ta miƙe ɗoɗar ta tsakiya, ta share kwalaben nan kaf.

Talabijin ya ɓarke da kiɗa da tafi. Aka ɗora wa mutum-mutuminta kambi. Na uban kuwa aka nuno shi a gefe, ya sunkuyar da kai, ɗan gajimare na zuba masa ruwa.

'Yar ta dafe kai. Ta ga asibitin ya kuɓuce mata saboda atishawa, idonta ya ciko da ƙwalla. “Baba, wallahi ba da gangan ba ne.”

Zakara ya juya rimot ɗinsa. Ya ciro batir, ya hura, ya mayar. Ya dubi kambin, ya dubi 'yar. Ya shige ɗaki.

Can sai ga shi ya fito, ya sake kaya, hannu a baya, ya tsaya tsakiyar falo.

“Na kammala nazari,” ya ce. “Uba mai hangen nesa ba ya tare wa al'umma baiwa. Marasa lafiya suna can suna jiranki, mu kuma mun riƙe ki a nan kina wasan yara. Ki shirya. In da mota gobe, ki bi ta gobe.”

Ta zube tana godiya, kuka da dariya sun haɗe mata.

“Kuma ba sai kin riƙa wahalar zuwa gida kowane hutu ba. Hanya ba kyau.”

Shi da kansa ya ɗauki akwatinta zuwa tasha. Da ya dawo ya goge mutum-mutuminta daga na'urar, wai don kada uwarta ta riƙa gani tana kewa.

Uwar dai tana kallo, kuma ta ɗauki darasi. Bayan 'yan kwanaki ta fito daga kicin tana goge hannu, ta ɗauki rimot, ta zura hannu a igiya ta ɗaure tsaf, ta juya wuyan hannu sau ɗaya yadda bai taɓa ganin ta yi ba.

“Baban yara, na daɗe ina so in je in yi wata guda wajen yayata. Zo mu ɗan buga kwalabe.”

Zakara ya dubi hannun nan nata.

“Je ki kawai,” ya ce. “Ba sai mun kunna ba.”