Lemun Citta Mai Gas a Bikin Ƙanwata

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Hajara ba, domin a ranar ne na gano cewa na dafa giya ban sani ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Birnin Gwari (wannan shi ya ƙara wa abin muni). Da aka sa ranar biki a Kuyello, sai na ce wa mahaifiyarmu kada a sayi lemun kwalba ko ɗaya, ni zan haɗa lemun citta mai gas. Na ga wani yana bayaninsa a waya, abin ba wuya: citta, sukari, lemun tsami da ɗan yis na masu burodi. Na sayo sabuwar jarka a kasuwa, na bi shaguna na tattaro gorunan ruwa, na wanke su tas, na haɗa lemun a jarkar, na ɗura a gorunan, na murɗe murafen tamau.

Mai bayanin ya ce kwana biyu ake bari, sannan a sa a firji. Mu kuwa babu wuta, ga shi an ɗaga bikin da mako guda saboda hanya ba lafiya. Gorunan suka zauna a ɗakina cikin zafi, suka kumbura, suka yi tauri kamar dutse. Ni na ɗauka alamar nasara ce.

Ranar walima na ɗaure su a bayan babur, na bi gargadar hanyar Kuyello suna ta jijjiga. Da aka zauna, na ɗauki gora ta farko na durƙusa gaban kawun ango, dattijo mai farar babbar riga, na ce ya sa albarka. Yana murɗa murfin, ruwa ya yi tsiri, ya wanke masa gemu da ƙirji. Warin tsami ya cika rumfar.

Baba Yohanna, tsohon maƙwabcinmu wanda matarsa ke dafa burukutu, ya karɓi gorar ya shinshina, ya ɗanɗana.

"Malam, wa ya koya maka? Wannan ta nuna da kyau."

Na ce lemu ne.

"Lemu ne makon jiya," in ji shi.

Kawun ango bai yi faɗa ba (da ya yi, da na fi samun sauƙi). Ya tambaya a hankali ko ni ne yayan amarya da ake cewa yana koyarwa, sannan ya nemi ruwa da aron riga, don azahar ta kusa. Hajara ta yi ta kuka a ciki, wai dangin miji za su ce daga gidan mashaya aka ɗauko ta. Sai da baffanmu ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana rantsuwa cewa wauta ce kawai ke damuna. Sauran gorunan a bayan gida na tsiyaye su, baƙi kuwa ruwan randa suka sha.

Har yanzu ina koyar da kimiyya. Sai dai na koyi cewa in mutum zai yi gwaji, ya fara da bakinsa, ba da gemun surukai ba.