Agogon Nutso a Kular Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na kai agogon nutso gidan biki a unguwar Zogbo ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da agogo a Zongon Kwatano, tun ina yawo da su a faranti har Allah ya kai ni ga shago mai gilashi da fanka biyu, kuma ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Bari in fara gaya muku agogon, don har yanzu in na tuna ranar da na buɗe kwalinsa sai in ji daɗi. Daga Dubai na ɗauko shi, na hannu ne, an taɓa amfani da shi, amma kamar ba a taɓa ɗaura shi ba. In ka ɗora shi a tafin hannu, nauyin ƙarfen kaɗai zai gaya maka ba wasa aka yi ba. Fuskarsa shuɗiya ce mai duhu, an rubuta mita ɗari uku a jiki, wato zurfin ruwan da zai iya jurewa. Akwai zobe kewaye da gilashin mai lambobi har sittin, in ka juya shi yana ƙas-ƙas-ƙas a hankali, kuma gefe ɗaya kawai yake juyawa. Hikimar ita ce, mai nutso yana saita shi don ya san mintin da ya yi a ƙasa, in zoben ya bugi wani abu ya motsa, sai dai ya sa shi fitowa da wuri, ba zai taɓa yaudararsa ya daɗe ba. Allurai da ɗigogin suna shan haske su riƙe, na shiga bayan shago na rufe ƙofa da rana tsaka, suka yi ta walƙiya kore shar. Gilashin kuwa na goga masa makullin babur, ko alama. Maɗaurin yana da wani ɓoyayyen ƙari da ake buɗewa don ya hau kan rigar nutso. Kuma ba ya amfani da batir ko kaɗan, motsin hannunka ne abincinsa.

(Duk wannan bayani daga bakin mutumin da bai iya iyo ba. Ni ko gada nake hayewa zuwa unguwar Avotrou a bayan zemijan, wato ɗan acaɓa, gaba nake kallo, ba na leƙa ruwa.)

Da mutum ɗaya a raina na sayo shi: Alhaji Mamman, ɗan Gaya, babban dillalin motoci a Sèmè-Kpodji. Shi da abokansa agogonsu daga waje suke sayowa. Ya taɓa ce mini cikin raha, a gaban mutane, “Ku 'yan Zongo ai sai agogon batir na yaran lakwal, 'yan makaranta.” Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mini. Na san in har Alhaji Mamman ya ɗaura agogo daga shagona, sauran manyan za su biyo shi, sunana ya fita daga sahun masu ƙananan kaya. Wannan nake nema, fiye da ribar agogon.

To, mu masu agogo muna da wata ɗabi'a. Duk agogon da za mu ajiye a gilashi sai mu ja ɗan maɓallin gefe, wanda ake saita lokaci da shi, don agogon ya tsaya kada batir ya ƙare kafin mai saye ya zo. In za a miƙa wa mai saye, a saita lokaci, a danna da babban yatsa, shi ke nan. Hannuna ya yi wannan aiki sau dubbai, ba ya ma shawara da ni. Da na zo ajiye wannan agogon, na ja maɓallin ya ƙi fitowa, na murza shi ya kwance kamar murfin gora, na ja shi waje, na rufe gilashi ina jin ni gwani ne. Agogon da ba shi da batir nake wa tattalin batir.

Ranar Lahadi Alhaji yana walimar auren ɗansa a Zogbo. Na sa shadda, na ɗauko agogon, na saita lokaci, na danna da yatsa, na ɗaura. Zuciyata fes.

An kafa rumfa ta cika titi, manyan Sèmè duk suna zaune a layin gaba. Na gaisa da Alhaji, na miƙa hannu yadda hannun riga zai ja baya da kansa.

“Malam, wannan fa? Aro ka yi?”

“Ranka ya daɗe, naka ne. Riƙe maka nake yi.”

Ya karɓa, ya auna a hannu, ya juya zoben, na ga fuskarsa ta sauya. Abokansa suka matso. Ni kuwa baki ya buɗe, na zuba musu bayani tun daga gilashi har maɗauri, har ina nuna yadda ake nutso da hannu. Wani Alhaji Sule, mai sayar da tayoyin mota, ya ce, “Rubutu kowa ya iya yi. Ni ma na taɓa sayen wanda aka rubuta wa mita ɗari, yayyafi ya kashe shi a kasuwar Dantokpa.”

A Zongo ba a musu da baki in ana iya gwadawa. Mai takalmi ya lanƙwasa, mai atamfa ya jiƙa bakinta ya matse. Na waiga na ga katuwar kula cike da ƙanƙara da ruwa da gorunan zoɓo. Na miƙe, na ɗaga agogon sama kowa ya gani, na jefa shi ciki.

“A bar shi nan har mu gama cin abinci. In ya sha ruwa, ku daina kirana mai agogo.”

Aka tafa mini. Na ci shinkafa da naman rago har na nemi ƙari, ina ta ba Alhaji Sule shawara ya daina sayen kayan bakin titi.

Da aka kwashe kwanuka na naɗe hannun riga, na zura hannu cikin ƙanƙara har gwiwar hannu, na ciro shi, ban ko duba ba na miƙa wa Alhaji Mamman.

Ya duba. Ya goge gilashin da bakin babbar rigarsa. Ya sake dubawa, ya sake gogewa.

“Malam, wannan hazon ta ciki yake.”

Na karɓa. Shuɗiyar fuskar nan ta yi fari kamar gilashin mota da safiyar damina, ga wani ɗigon ruwa ƙato yana yawo tsakanin ƙarfe huɗu da ƙarfe biyar in na karkata hannu. Alhaji Sule ya leƙo ya ce, “A'a, ai gaskiya ya faɗa, na ruwa ne. Ga shi har ya taho da nasa.” Layin gaba ya kwashe da dariya, na baya suka fara tambayar me ya faru, labari ya tafi har wajen mata.

Akwai wani dattijo maƙwabcin Alhaji Mamman, ana ce masa Baba Kojo, wanda ashe ya yi shekaru yana nutso a tashar jiragen ruwa yana duba ƙasan jirage. Bai yi dariya ba. Ya karɓi agogon, ya taɓa maɓallin, ya danna shi ciki ya murza sau uku har ya ɗaure tamau, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Patoro, maigida, agogo mai kyau ne. Kai ne ba ka kulle ƙofa ba.” Wannan ta fi dariyar zafi, don a nan kowa ya gane kayan ba su da laifi, mai kayan ne bai san abin da yake sayarwa ba.

Alhaji Mamman mutumin kirki ne. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka gyara abinka. Amma ni ba zan iya ɗaura shi ba, duk Sèmè an san shi yanzu, zoɓo za a riƙa tambayata.”

Washegari na kai shi wurin mai gyara, ya buɗe, ya busar, ya sauya robobin ciki, ya yi mini wa'azi kyauta. Agogon ya tashi yana aiki lafiya lau, sai dai manyan Sèmè ba su zo shagona ba, har yau.

Abin da na koya shi ne, daɗewa a sana'a ba ya hana ka zama baƙo a gaban sabon kaya, kuma hannun da ya saba ya fi jahilci saurin kai mutum ƙasa. Agogon yana hannuna yanzu, ni nake ɗaura shi. Mita ɗari uku yake jurewa, an tabbatar mini. Amma duk sanda zan yi alwala sai na cire shi na sa a aljihu.