Shekarar da Kuruna Ya Maƙale a Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na kusa halaka Ɗan Kili da gata. Ɗan Kili kuru ne, irin ƙananan dawakin nan da bayansu bai wuce ƙirjin mutum ba. Zamanin Turawa ne, bayan kaka akan yi nunin amfanin gona da dabbobi a garin hakimi, kowane dagaci ya aika da doki ɗaya. Shekarar da ta gabaci wannan daminar dokina aka kai daga ƙauyenmu na ƙasar Makoɗa, har Baturen dabbobi ya ɗaura masa jan ƙyalle, alamar ya zo na ɗaya. Daga ranar kaina ya fi hulata girma.

Da ruwa ya sauka sai na ce dokin da Bature ya shafa ba zai kwana a turke cikin taɓo ba. Na gina masa ɗaki da 'yar ƙofa daidai jikinsa, don kada ƙuda ko bakin mutane su same shi. Gero, dusa, harawa, kanwa, komai a cike. Wata huɗu bai taka waje ba. (Matata Hajara ta ce ko ita da ta haihu ba ta ga irin wannan jego ba.)

Saura wata guda a yi nuni, dagaci ya zo da jama'arsa ya duba dokin da za a kai: ko nawa, ko na Malam Garba maƙwabcina. Ni kuwa na riga na cika gari da baki. Na shiga da taƙama, na sa ragama, na jawo. Kai ya fito, wuya ya fito, ciki ya ce shi nan ya ga wurin zama. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Na ja da ƙarfi, ragama ta zame, na zauna daɓas a cikin kaskon dusa.

“Malam, in kawo man gyaɗa a shafa masa?” in ji Hajara daga bayan danga, da muryar da duk unguwa ta ji.

Sai da aka sa gatari aka fasa gefen ƙofar. Dagaci ya dube shi ya ce, “Wannan ai sai dai mu kai shi layin shanun kiwo.” Malam Garba har da riƙe ciki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba Sale, tsohon da ke kula da dokin dagaci, shi ya roƙa mini arziki a ba ni mako uku. Ya ce, “Ɗana, doki da ƙafa yake rayuwa. Rage hatsin nan kaɗan-kaɗan, ka bar masa ciyawa. Kullum da hantsi ka ja shi cikin yashin rafi, tafiya tukuna, sassarfa daga baya.” Ya fere masa kofatansa da suka yi zaƙo-zaƙo. Da yake ni ba na hawan kuru, duk sassarfar da ya yi da ƙafata na yi ta. Mata masu wanki suna yi mana guɗa, ina haki, shi yana haki.

Ranar da dagaci ya sake dubawa, Ɗan Kili ya zaga fili yana rangaji, gashinsa na sheƙi. Shi aka zaɓa. A wurin nuni Baturen ya shafa haƙarƙarinsa, ya ɗaga kofato, ya sa tafinta ya tambaye ni sirrin kiwona. Na ce, “Motsa jiki, ranka ya daɗe,” ban ko kalli inda Baba Sale yake ba. Jan ƙyalle na biyu ya zo gida, na yi murna har da hawaye.

Tun daga nan kowace damina Ɗan Kili a turke yake kwana, kullum kuma sai mun je rafi. Ɗakin nan kuwa Hajara ta zuba kaji a ciki, kuma har yau ba ta yarda an gyara ƙofar ba, wai don kada in manta.